Sito Uku a Bakin Dogo

Kafin allo ya hau bangon nan
huhunan goro ne ke jingine da shi.
Har yau in ruwa ya sauka a Agege
bangon kan yi gumi, ya tuna,
aji ya cika da ƙamshin ɗanyen ganye.

Malam Jatau Akawu, Allah ya jiƙansa,
shekara talatin yana yanka wa mutane tikitin jirgi.
Ran da kuɗin sallama suka fito
abokai suka ce, sayi bas, sa ta hanyar Oshodi.
Ya ce, bas ƙafa huɗu gare ta, kowace da bakinta.
Ya kama hayar sito uku,
ya sayo benci goma sha ɗaya a wani coci da ya tashi,
ya rataye tsohon wilin tirela a reshen mangwaro.
Ƙararrawarmu ke nan har gobe.

Mu goma sha tara muka fara.
Ni ce ta bakwai a rajista,
sunana da jan biro, don shuɗin ya ƙare a kan na shida.
Akwai Kehinde ɗan mai gidan burodi,
akwai Sa'adu da ke zuwa daga mayanka
hannunsa da warin fata ko ya wanke sau uku,
akwai Nkechi, wadda in faɗa ya tashi
ta fi mu duka Hausa.

Goma da kwata jirgi kan wuce.
Misis Ogunleye takan tsaya a tsakiyar jimla,
alli a sama, baki a buɗe,
sai taragon ƙarshe ya shige
ta ɗora daga inda ta tsaya,
ko wasali ɗaya bai faɗi ƙasa ba.

Shekara ta huɗu masu duba makarantu suka zo.
Ina fili? Ina ɗakin gwaji?
Malam ya jawo kwali ɗaya daga ƙarƙashin tebur:
kwalabe, batir, maganaɗisu, madubi mai tsaga.
Suka rubuta, suka tafi.
Wata biyar ƙofa da kwaɗo.
Ba lauya ya buɗe ta ba.
Inna Tasallah mai tuwo ce da matan layinmu
suka karkato adashinsu kwasa huɗu a jere,
aka ja famfo, aka yi tebur mai siminti,
aka sayo ƙwarangwal na roba
wanda yara suka raɗa wa Baban Gida.

Yanzu aji shida ne, da bene ɗaya da bai gama fenti ba.
Kwamfuta tara, shida ke tashi,
su ma sai janareto ya ga dama.
Ranar Laraba muhawara:
a fara da Turanci kamar yadda doka ta ce,
in ta yi zafi Yarbanci ya shigo ta taga,
Hausa ta rufe taro.
Alhamis keken ɗinki da gyaran waya,
har wata yarinya, Shukura, ta tada rediyon da na binne a zuciyata.

Amma ni bayan magariba na fi so,
in masu gadi da 'yan dako suka shigo a sunkuye,
gwiwa na dukan teburin da ɗansu ya zauna da safe,
suna lallaɓa baƙi kamar mai ɗaukar ƙwai.
Bara Baba Ɗanladi ya karanta sakamakon 'yarsa da kansa.
Sau biyu. Bai ce komai ba.
Ya naɗe takardar ya sa cikin hula.

Rajista tana hannuna yau.
Mun wuce dubu da ɗari biyu.
Jirgin da ke wucewa sabo ne, ba ya girgiza taga,
kafin ka haɗiye yawu ya ɓace.
Ba dole in tsaya ba.
Ina tsayawa dai, alli a sama,
yara na kallona.